Hannun uwar amarya

Yau ina gyaran hotunan biki a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, sai na tsaya a kan guda ɗaya: uwa ta riƙe hannun 'yarta a ƙofar ɗaki, ana shirin kai amarya. Ankon ƙawaye ya cika ido, shi ya sa na mayar da hoton baƙi da fari. Nan take jan lallen ya saje da fata. Na ƙara hasken launin ruwan lemu na ainihin hoton, na rage na ja, zanen ya dawo, har jijiyoyin hannun uwar suka fito saboda tsabar riƙo. Wallahi sai da ƙwalla ta zo min.

Ina ganin wannan hoton ne amaryar za ta fi nema nan gaba.