Kaftani na uku cikin biyar: inda na kwana a wata na bakwai

'Yan uwa masu koyon ɗinki, yau wata bakwai ke nan da na fara zama a kan keke, kuma daren jiya na sa maɓallin ƙarshe a kaftani na uku. Biyar na ƙudurta ɗinkawa da wandunansu, su zama su ne kayan ofis ɗina daga Litinin zuwa Juma'a. Ƙarin matsayi aka yi mini, yanzu ni ke jagorantar zama da mutanen da wasunsu sun haife ni. Da na buɗe durowa na ƙirga, kaya sun haura kala ashirin, amma babu uku da zan sa in tsaya gaban jama'a hankalina kwance. Wannan kafaɗa ta zubo, wancan wuya ya buɗe, wani kuma aikin da aka zuba masa sai dai ɗaurin aure.

A Kantin Kwari na sayo yadin, biyar-biyar, duk marasa ado: ruwan toka, shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa da ruwan madara. Na biyar ɗin farar shadda ce ta Getzner, wadda ake saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, na tanade ta don Juma'a da manyan taruka. Ita na bari a ƙarshe, don hannuna ya ƙara faɗawa kafin in sa mata almakashi. Kafin ku biya kuɗin yadi, ku roƙi mai shago ya yanko muku ɗan ƙyalle. In kun kunna masa ashana, auduga takan yi warin ƙonanniyar takarda ta bar toka mai laushi, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. A zafin watan Afrilu na Kano za ku gane amfanin wannan gwaji.

Na farkon, mai ruwan toka, ban jiƙa yadin ba na yanka. Wanki ɗaya hannu ya ɗage da kusan inci guda, wando ya bar idon sawu a waje. Raina ya ɓaci ƙwarai, don mako biyu na yi a kansa. Tun daga nan duk yadin auduga sai ya kwana a ruwa, ya bushe a inuwa, na goge shi, sannan in ɗora alli.

Inda na fi daɗewa shi ne kafaɗa, kuma a ganina nan kwarjinin riga yake. Maigidana a shagon da nake koyon ɗinki ya tsayar da ni, ya ɗora tef daga ƙashin kafaɗa zuwa ɗan'uwansa ta baya, ya ce: "Malam, inci 18 ne, amma rigar jikinka 19 da rabi aka yanka mata." Shekara da shekaru ina yawo da rigar da ta fi ni faɗi, shi ya sa nake fitowa kamar na yi aro. Ya kuma nuna mini cewa kafaɗata ta dama ta fi ta hagu sauka kaɗan, abin da ke jawo tattarewar nan a ƙarƙashin hammata. A kaftani na biyu na rage rabin inci a gangaren ɓangaren dama kawai. Da na sa na tsaya gaban madubi, yadin ya sauka sumul tun daga wuya har gwiwa.

Wuya ma haka. Gam ɗin da ake mannawa a cikin kwala ba a jan dutsen guga a kansa. Dannawa ake yi a ɗaga, da ɗanyen ƙyalle a sama, in ba haka ba bayan wanki sai ya yi ƙuraje. In an rufe maɓallin wuya, yatsu biyu su shiga tsakanin kwala da wuya, kada ya wuce haka.

Ban sa wa ko ɗaya surfani ba. Layi biyu na ɗinki na bi tsagin gaba da su, da zare kalar yadin, allura lamba 14 a tsohon keken Butterfly na ƙafa. Rigar da ba ta da aiki ba ta ɓoye karkataccen ɗinki, don haka sau uku na farke gaban na ukun nan kafin layin ya miƙe. Aljihun ƙirji na biro ne kaɗai, waya tana jan gaban riga ƙasa, sai na yi mata aljihu a gefe. Hula biyu sun ishe ni, kube mai duhu da wata mai haske, ina kai su wajen mai wankin hula bi da bi.

Saura mai ruwan madara, sai shaddar. Ita ba zan jiƙa ta ba saboda ƙyallinta, zan dai bar rara a kalmasar hannu da ta wando. Zanen jikinta yana da inda ya fuskanta, in aka juya hannu ɗaya sai haske ya riƙa nuna shi daban da jikin rigar. Na riga na zana kibiya da alli a bayanta, yadi bayan yadi. Ranar Asabar zan fara gwada yankan a kan akoko, yadin nan mai araha, in ya zauna, sai in shimfiɗa ta a tebur.