Godiya ga waɗanda suka rufa min asiri

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi. Daren jiya na kwanta bayan isha'i, ban farka ba sai da aka yi kiran assalatu. Wani zai ce mene ne abin labari a nan, amma rabona da irin wannan barci shekara biyu ke nan.

Abin da na yi fama da shi matsuwar fitsari ce. Ba irin wadda mutum zai ce bari in ƙarasa abin da nake yi ba. Takan zo farat ɗaya, in ban isa banɗaki cikin minti ɗaya ko biyu ba, sai wando ya jiƙe. Da rana na zaga ya fi sau 12, da dare in tashi sau 4. Ranar Juma'a a bakin sahu nake zama kusa da ƙofa, buta a gefena. Tafiya daga Kano zuwa Kaduna kuwa sai da na daina ta, don kunyar cewa direba ya tsaya kafin mu kai Kwanar Ɗangora.

Kowa na gaya wa a kaikaice sai ya ce sanyi ne. Na sha kafso na kemis, na sha jiƙo na masu lasifika a kasuwa, kuɗi suka tafi, fitsari na nan. Har ruwa na rage sha ƙwarai, ashe ƙara wa kaina nake yi, domin fitsari in ya yi kauri ya fi takura mafitsara.

Godiyata ta farko bayan ta Allah ga uwargidana take. Ita ta wanke abin da ba ya faɗuwa, ba ta taɓa canza min fuska ba, kuma ita ce ta ce, "Malam, wannan ba na ɓoyo ba ne, gobe asibiti." Allah ya saka miki da Aljanna.

Sai likitan da ya duba ni. Ya sa aka gwada fitsari, babu ƙwayar cuta. Aka gwada suga, lafiya lau. Ya duba ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wanda kan kumbura in shekaru sun ja, aka kuma yi hoton mara bayan na yi fitsari don a ga ko akwai ragowa. Sannan ya zana min a takarda: mafitsarar babba kan riƙe kusan rabin lita, tsokar da ke jikinta tana jira sai ta cika kafin ta matse. Tawa ta daina jiran, tana matsewa tun ruwa bai kai ko'ina ba. Ya ce zagawa fiye da sau 8 a yini da dare, tare da irin wannan matsuwa, alama ce da ya kamata a duba, maza da mata duk suna yi, kuma ba shi ne yoyon fitsarin da ke biyo bayan doguwar naƙuda ba. Wallahi jin cewa abin yana da suna, wato "overactive bladder" a Turance, rabin sauƙi ne.

'Yata ta biyu, ke ma na gode. Likita ya ce a rubuta duk abin da na sha da duk lokacin da na zaga na kwana 3. Ke kika ja layi a littafin makaranta, kika bi ni da biro kamar mai karɓar haraji. Littafin nan ne ya tona asirin shayi kofi huɗu da goron da ba ya barin bakina. Dukansu suna da sinadarin kafin mai tsokanar mafitsara, haka ma gahawa da wasu lemukan kwalba.

Jami'ar jinyar da ta koya min horar da mafitsara, Allah ya ƙara haƙuri. Ta ce in matsuwa ta zo kada in ruga. In tsaya cak, in matse tsokokin ƙasan mara kamar mai riƙe iska, sai ta lafa, sannan in tafi a natse. Na fara da tazarar awa ɗaya, ina ƙara minti 15 duk mako. Makon farko na so in watsar. Yanzu ina kai awa 3. Ruwa ina sha sosai da rana, in tsagaita awa biyu kafin kwanciya. An haɗa min da ƙwaya mai suna solifenasin, tana busar da baki kuma tana taurara bayan gida, saboda haka kada wani ya ruga kemis ya saya don ya gani a nan, sai likita ya duba shi.

Limaminmu, Allah ya gafarta Malam, na gode da ka zaunar da ni ka yi min bayanin hukuncin salisul bauli, wato larurar rashin iya riƙe fitsari, ba tare da ka tambayi abin da ban faɗa ba. Waswasin alwala ya kusa raba ni da jam'i. Abokan aikina da suka riƙa tsaya min a aji in na fice a tsakiyar darasi, ba wanda ya taɓa cewa ina zuwa, Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira.

Mai shayin bakin layinmu, ka yafe ni, ka yi asarar kwastoma. Goron ɗaurin aure kuwa a ci gaba da kawowa, zan karɓa in sa albarka, in miƙa wa na kusa da ni.