Wayon gida daga bango yake farawa

Akwai wani gwaji da nake yi duk lokacin da aka zagaya da ni cikin sabon gida domin in ga kyansa. Nakan bari sai la'asar ta yi sakaliya, sannan in ɗora tafin hannuna a bangon da ke fuskantar yamma, daga cikin ɗaki. Idan na ji shi da ɗumi, na san mazauna gidan za su kwana da zafin da bangon ya sha tun azahar, kuma duk na'urar da aka ɗaura masa bashin da mai zane ya ci kawai za ta riƙa biya. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da yadda ake tallata abin da ake kira gida mai wayo, wato wanda fitilunsa da ƙofofinsa da na'urar sanyaya ɗakunansa ke karɓar umarni daga wayar hannu.

Ba ƙin na'urorin nake yi ba, jerin aikin ne nake ganin an birkita. Tun gini yana kan takarda ake yanke shawarar da za ta bi shi har tsufansa. Ranar hantsi da ta yamma a kwance suke shigowa, babu rumfar da ke iya tare su sosai, alhali ranar tsaka daga sama take sauka, ɗan tsawon bakin rufi ya isa ya yi mata shamaki. Saboda haka a ƙasashe masu zafi ake miƙe tsawon gida daga gabas zuwa yamma, a zuba manyan tagogi kudu da arewa, a rage su a sauran ɓangarori biyun. A sa tagogi su fuskanci juna don iska ta sami mashiga da mafita, a bar kafa can sama tunda iska mai zafi hawa take yi, a shafa wa rufi farin fenti. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke shan wutar lantarki, kuma babu wanda ke lalacewa idan intanet ta ɗauke.

Aikin mai zanen gine-gine Francis Kéré a ƙauyen Gando na Burkina Faso ya fi kowane misali ratsa ni. Makarantar firamaren da ya kammala gininta a 2001 da bulon laka aka gina ta, aka ɗaga rufin kwano sama da ginin a kan ƙarafa, aka yi silin na laka mai ƙananan ramuka, ta yadda zafin aji ke fita ta sama, iska kuma ta kwashe shi ta tsakanin silin da kwanon. Daga baya ya gina wa malamai gidaje a wurin, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar yabo ta Pritzker, babbar lambar masu zanen gine-gine. A can ƙasar sanyi ma tunanin bai bambanta ba. A 1991 aka kammala wasu gidaje huɗu a jere a birnin Darmstadt na Jamus bisa binciken Wolfgang Feist, masu kaurin abin tare sanyi a bango, da gilashin taga mai ninki uku, da na'urar da ke karɓar ɗumin iskar da za ta fita ta ba wadda ke shigowa. Ma'aunin da ya fito daga wannan aiki, Passivhaus, ya ƙayyade cewa ɗumama kowace murabba'in mita kada ta ci fiye da awar kilowat 15 a shekara.

Akwai kuma bashin da ake ci tun kafin kowa ya tare. Sarrafa siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya, don haka gidan da aka cika shi da kankaren da bai buƙata ya riga ya yi ɓarnarsa, ko da an lulluɓe rufinsa da faifan sola.

Bayan an gama da wannan ne na'ura ke da gurbi, kuma gurbinta ba ƙarami ba ne. Mitar da ke nuna wutar da ake sha awa bayan awa takan tona asirin tsohon firji ko tukunyar dafa ruwa da aka manta a kunne. Tsarin da ke tayar da famfon ruwa da injin wanki da tsakar rana, lokacin da sola ke kan ganiyarta, yana sauƙaƙa wa batir aikin dare, ya ƙara masa kwana. Ƙaramar na'urar da ke jin yoyon ruwa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke kuwa tana iya ceton daɓe da bango.

Abin da ke damuna shi ne bambancin shekaru. Gida yakan haura shekara 50 a tsaye, na'urar zamani kuwa da ƙyar take cika goma, wani lokaci ma ba lalacewa take yi ba, kamfanin ne ke janye hannunsa. A 2016 kamfanin Nest ya rufe hidimar wata na'urar sarrafa gida mai suna Revolv, waɗanda suka saye ta suka wayi gari da akwatin da ba ya motsi. Tsarin Matter da Apple da Google da Amazon da Samsung suka mara wa baya, wanda ya fito a 2022, ya rage matsalar na'urorin da ba sa jin yaren juna, amma bai ɗauke wa mai gida nauyin yin tanadi ba.

Na taɓa kwana a wani gida da intanet ta yanke da daddare, muka rasa yadda za mu kashe fitilar falo, domin an cire makunnin bango gaba ɗaya don ado. Tun daga ranar, duk wanda ya nemi shawarata nakan ce masa kowace fitila ta kasance da makunninta, kowace ƙofa da mabuɗinta na ƙarfe, sannan kafin a yi filasta a binne bututun waya mai faɗi zuwa kowane ɗaki, a bar zare a cikinsa, domin ranar da za a canja na'ura a ja sabuwar waya ba tare da an fasa bango ba.