Zauren Kaka ya biyo ni har Torino

Ƙarfe biyun dare ta gota lokacin da na manna katangar ƙarshe a jikin maket ɗina, wato ƙaramin samfurin gini na kwali, yatsuna duk gam ya bushe a kai, guntayen kwali sun cika ɗakin har bakin ƙofa. Abokin zamana ɗan Senegal ya daɗe da yin barci, ni kuwa ina zaune da reza da rula ina yanka tagogi ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, don a sikelin 1:100 mita guda santimita guda ce, hannunka ya ɗan goce kaɗan ka yi ƙofar da mutum ba zai iya wucewa ba. Yawancin makwanni haka suke, ba irin hotunan da nake sawa a WhatsApp ba da 'yan gida ke gani su ce ai kai kam ka huta.

Shekarata ta biyu ke nan ina karatun zanen gine-gine a jami'ar Politecnico ta Torino, a Italiya. Wasu darussan a Valentino muke yi, tsohuwar fada ce ta gidan sarautar Savoy a bakin kogin Po. Kogin in ka jera shi da Binuwai ɗinmu na watan Agusta ba wani babba ba ne, amma da safe hazo kan kwanta a kansa har ba ka hango ɗaya gaɓar, kuma sanyin nan ba irin hunturun Garwa, garinmu a arewacin Kamaru, ba ne da rana na fitowa ya kama gabansa, wannan wuni yake yi a cikin ƙashinka. A Disamba kafin biyar na yamma rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a makaranta suke riskata, shi ya sa 'yar sallayata ba ta barin jaka.

Maganar kuɗi kuwa, yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, har yau kaina bai daina wannan lissafin ba. Kwali, gam, buga manyan takardun zane duk daga aljihunka ne, sai ka ga abin da ka kashe a makon konsenya, wato makon miƙa aiki, ya isa cefanen gidanmu na kwanaki. Ranar Asabar nake shiga kasuwar Porta Palazzo, can yamma lokacin da masu kayan miya suka fara karya farashi don su tashi, in sayi tumatir da albasa da kuɓewa in an dace, nama kuma wajen mahauta 'yan Maroko. Kuka da daddawa da busasshen folere, wato yakuwa, da Inna ta ƙulla min nake ja da su kaɗan-kaɗan kamar magani, sauran kwanaki taliya ce. Ƙannena masu shirin zuwa bayan bak, jarrabawar gama sakandare, a gurguje: takardar zama, permesso di soggiorno, cikin kwana 8 na aiki da saukarka ake nemanta, a gidan waya ake karɓar fom a miƙa, daga baya a kira ka ɗaukar yatsu. Jarrabawa a kan maki 30 take, 18 ne cin ta, kuma da yawa da baki ake yi, kai da malami gaba da gaba sauran ɗalibai na baya suna ji, don haka ka fara koyon yaren tun kana gida.

Amma abin da ya hana ni sakat shi ne rebiziyone ta makon jiya, zaman da kake baje zanenka a tebur malamai su duba su yi maka gyara. Aikin ƙaramin ɗakin karatu ne na unguwa, an bar kowa ya zaɓi garin da zai ajiye shi, ni na ce Garwa. Na zuba masa gilashi daga ƙasa har sama a bangon yamma irin wanda nake gani a mujallu. Malamar dattijuwa ce mai magana a hankali, ta daɗe tana kallo sannan ta ce zafin garinku nawa yake kaiwa? Na ce Maris da Afrilu yana wuce 40. Ta ce to ƙarfe biyun rana a Afrilu mutanen gidanku ina suke zama? Na ce zaure. Ta ce mene ne zaure, ta miƙo min fensirinta.

Sai na zana mata zauren Kaka, Allah ya jiƙansa. Ƙofar waje da ta cikin gida ba sa kallon juna, don kada idon mai wucewa ya faɗa tsakar gida. Dakali a gefe inda yake shimfiɗa buzu. Rufin azara da aka jera aka danne da ƙasa, indararo na zubar da ruwa waje, 'yar taga guda can sama da ko kan yaro ba ya shiga. Na gaya mata nan ake sauke baƙo, nan ake raɗin suna da zaman makoki, nan muka yi karatun allo, kuma in ka shigo daga rana sai ka ji kamar an watsa maka ruwan randa. Ta ce kaurin katangar nawa ne?

Wallahi ban sani ba. Ni da muka yi makwanni da abokan karatuna muna auna wani tsohon gida a nan Torino da tef da na'urar leza, kowane ginshiƙi har santimita, ɗakin da na tashi a ciki ban san kaurin bangonsa ba. Abin ya tsaya min a rai sosai. Ba ta yi min faɗa ba, ta dai ce ƙasa mai kauri a hankali take shan zafi, kafin ya ratsa ciki dare ya yi, sai ta sake shi lokacin da gari ya huce, gilashina na yamma kuwa tanda zai mayar da ɗakin. Ta ce garin nan ma ai inuwa ya gina wa kansa, tana nufin rumfunan portici masu kusan kilomita 18 da nake bi ƙarƙashinsu kullum, ruwa ko rana.

Bara mun je Fulorans, na hau matakala 463 har saman kubbar babban cocin garin da Brunelleschi ya gina daga 1420 zuwa 1436 ba tare da an kafa katakon da zai tallafe ta daga ƙasa ba, an jera bulon jikinta a karkace kamar ƙayar kifi yana riƙe kansa da kansa. Na yi mamaki matuƙa, kuma ta cancanta. Amma gidajen ƙabilar Musgum na wajen Pus da Maga a bakin kogin Logon fa? Su ma ba su da katakon tallafi, ƙasa ce da hannu ake ɗorawa tana tsukewa har sama, tudun-tudun jikinsu kuma su ne matakalar mai gini, su ne hanyar ruwan sama. Muna yara in an wuce su a mota gidan ƙauye kawai muke cewa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da bakan gizonsa na azara da laka, a laburaren nan Italiya na fara ganin zanensa, duk shekarun lise, wato sakandare, ba wanda ya taɓa ambata min shi. A 2022 Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, shi ne ɗan Afirka na farko, kuma makarantar da ya fara da ita a ƙauyensu Gando ta ƙasa ce. A Dandaji ta Nijar, garin Hausawa irinmu, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallaci laburare suka gina sabo da bulon ƙasa a gefe.

Ba wai na manta wahalar laka ba ne, na sha kwaɓa ta. Duk shekara sai an yi yaɓe kafin damina, gara na cin azara, giginya ta yi wuya, magina masu sanin aikin suna ƙarewa, kuma wanda ya ga ambaliyar 2012 ya ga yadda katanga ke narkewa. Wanda ya tara kuɗinsa ya sayi simintin Figil da kwano yana da hujjarsa. Abin da nake gani a nan dai shi ne ba sa saurin rushe tsohon gini. Lingotto masana'antar Fiat ce mai hanyar gwajin mota a kan rufi, yau kantuna ne da ajujuwa a ciki. Sallar idi ma a Parco Dora muke yi, ƙarƙashin rufin tsohuwar masana'antar ƙarfe, sahu-sahu tsakanin manyan ginshiƙai.

Shekaranjiya na kira gida, don na san Baba na da niyyar rushe zauren bayan damina ya fitar da shago biyu. Bayan gaisuwa na ce Baba, Allah ya ƙara girma, alfarma nake nema, a dakata da zauren har in zo hutu. Ya yi shiru, sannan ya ce yanzu Turai ka je ka koyo ginin laka? Na ce Baba shagon ma zai fita, a bangon kudu akwai wuri, zan zana maka ka gani, in bai yi maka ba shi ke nan. Ya ce to Allah ya kai mu, ruwa dai ba ya jira, in ka san kana so sai ka aiko da na yaɓe. Na aika jiya.

Ƙanena ya ari tef ɗin ɗinkin Inna ya auna min, ya turo hoto yana tsugune a bakin ƙofa, kaurin katangar daga ƙasa santimita 62, tana sirancewa in ta yi sama. Yau da daddare zan fara zana shi a 1:50, gobe kuma zai hau ya ƙirga min azarar.