Kadojin da Ruwa Ya Bari a Tsakiyar Sahara

Mako guda ke nan da dawowata daga Ennedi, a arewa maso gabashin Chadi, kuma har yanzu baƙin ruwan Arshe, wani tafki da ke cikin kwazazzabon duwatsu a can, bai bar idona ba. Ni haifaffen Argungu ne, na tashi ina jin yadda Sarkin Ruwa ke lallashin kadojin Matan Fada kafin masunta su shiga, saboda haka a sanina kada dabbar gulbi ne. Da abokin cinikina a N'Djamena ya ce mini akwai kadoji a cikin hamada, sai na ce lallai sai na gani da idona.

Mun bi ta Abeshe da Kalait zuwa garin Fada. A wani shinge, wani mai kaki ya karɓi takardar izinin tafiyarmu, bai amsa sallamarmu ba, ya bar mu a rana kusan awa biyu yana shan shayinsa. A Kalait kuwa, kuɗin jarkar mai ɗaya ya isa cefanen gidana na kwanaki, kuma mai sayarwa ba ya sauraron tayi, abin da ba a yi wa baƙo a kasuwarmu.

Abin da ya wanke mini zuciya shi ne wani dattijo Batube, wato ɗan ƙabilar Tubawa, makiyayin raƙuma, wanda ya shimfiɗa mana tabarma ya kawo dabino da nonon raƙuma. Na miƙa masa kuɗi, sai ya mayar mini da hannuna, ya ce, "Ɗana, baƙo ba ya sayen abinci a nan." Shi ne ya haɗa mu da jikansa, wanda ya hau da mu dutse har muka leƙa kwazazzabon daga sama.

A ƙasa, tsakanin jajayen duwatsu masu tsayin gaske, ɗaruruwan raƙuma suna tsaye cikin ruwa, kukansu yana amsa kuwwa, ruwan kuma ya yi baƙi ƙirin saboda kashinsu. Mun daɗe muna jira kafin yaron ya nuna mini kada biyu kwance a gefen ciyawa. Ba su kai na gulbinmu girma ba, amma jikina ya yi sanyi, domin kakanninsu sun zo nan ne fiye da shekaru 5,000 da suka wuce, lokacin da Sahara take da koguna da tafkuna, kamar yadda zanen shanu a jikin duwatsun wurin yake shaidawa. Ruwa ya janye, su kuma suka maƙale. Kashin raƙuman da na ƙyamata shi ne takin gansakukar da kifi ke ci, kadojin kuma su ci kifi da kwaɗi. Yaron ya ce ba sa kashe su, domin dattawansu sun ce ran da kada ya ƙare ruwan ma zai ƙafe. A wajenmu da tuni dukawa sun ɗinka jaka da fatarsu. Kaɗan ne ƙwarai suka rage, kuma ko da yake hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Ennedi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, ban ga ƙaramin kada ko ɗaya ba, wannan kuwa ya dame ni.

Washegari muka leƙa Aloba, wani dutse mai siffar baka, mai tsayin kusan mita 120. A hanyar komawa taya ta fashe mana sau biyu kafin Abeshe.