Alhamdulillahi, an sallamo mu: godiyata ga duk wanda ya tsaya mana

Assalamu alaikum warahmatullah. Jiya bayan la'asar aka sallamo mu daga asibitin Murtala da ke Kano, 'yata da ta yi jinyar mashaƙo ta shigo gida da ƙafarta. Kwana 16. Waɗanda suka bi mu da addu'a sun san yadda aka kwana aka tashi, ba sai na sake tonawa ba, ni ma jikin bai dawo ba tukuna. Tun daren jiya na so rubuta wannan, barci ya sace ni da waya a hannu.

Daren farko ne ban taɓa ba ku labarinsa ba.

Da wuyan ya kumbura, ko koko ya gagara wucewa, Hajiyarmu ta duba ta ce belu ne. Ba laifinta ba ne, haka aka yi mana muna yara. Har an aika wa wanzami, ya ce da sassafe. Bayan isha'i sai ga sallamar Maman 'yan biyu, mai shuɗin hijabin nan da ke zagayen gida-gida daga ƙaramin asibitin unguwarmu a Bachirawa. Ta ce kada in ambace ta, to ta yi haƙuri, bakina ba zai iya shiru ba. Ta tashi daga aiki tun rana, wata maƙwabciya ce ta tsegunta mata. Ta durƙusa ta gaishe da Hajiya, ta nemi cokali, ta danne harshen yarinyar ta haska da fitilar wayarta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta yafito ni ta nuna mini wata fata mai ruwan toka da ta manne a maƙogwaro. Ta ce, "Malam, wannan mashaƙo ne. In aska ta taɓa wurin nan jini zai ɓalle, numfashi ya toshe. Don Allah kada ku kwana a gida."

Gwiwata ta yi sanyi. Tun ƙarshen 2022 muke jin mashaƙo a rediyo, muna jin cewa ƙaramar hukumarmu ta Ungogo na cikin inda ya fi tsanani, amma ban taɓa kawo shi cikin ɗakina ba. Hajiya ta ɗan tirje, sai baiwar Allahn nan ta kama hannunta ta ce, "Hajiya, jikarki ce, ni ma 'yarki ce. Ki ba ni daren nan kaɗai." Hajiya ta yi shiru, ta miƙo zanin goyo.

Ni kuwa lissafi nake a raina. Bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, a lokacin lita ta haura naira 600, kuɗin mota ya ninka, abin da ke aljihuna ko na cefane bai kai ba. Kamar ta ga zuciyata, ta ce magani kyauta ne, ta buga waya aka san da zuwanmu. Yaron Baba mai shago ya fito da adaidaitarsa cikin ruwan sama, da na miƙa masa kuɗi ya ce in kai kasuwa. Allah Ya buɗa masa.

Akwai abin da ke ci mini rai, gara in faɗa. Allurar nan ta jarirai mai kare su daga mashaƙo, ta sati 6 da 10 da 14, ɗaya kawai yarinyar ta samu. Sau uku matar nan tana zuwa ƙofata a kan maganar, ina cewa sai an ga hali. Wallahi daga daren nan har yau ba ta taɓa tuna mini ba, ko da da ido.

Muna can kwance ita ce ta riƙe mana gida. Ta zo da ma'aikatan asibiti aka ba sauran yaran ƙwayoyi, aka yi musu allura har da na maƙwabta. Layi ya fara gudun gidanmu, awarar mai ɗakina da muke rufa wa kai asiri da ita ta tsaya cak. Sai Maman 'yan biyu ta samu Mai unguwa da Liman, aka yi wa jama'a bayani bayan sallar magariba: yadda cutar ke bin tari da atishawa, da yadda magani ke kashe yaɗuwarta. Da ƙanwar mai ɗakina ta sake ɗora kasko, kwanon Maman 'yan biyu ne ya fara zuwa. Yara suka gani, kwanuka suka biyo baya.

Likitoci da nas-nas na ɗakin mashaƙo, da mutanen ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, ba ni da abin biyanku. Maganin nan mai karya dafin cutar da ake sa wa ta jijiya, wanda duniya ma ƙarancinsa take yi, an samar wa 'yata ban biya ko sisi ba. Sista mai aikin dare da ta zauna tana ƙirga numfashinta har asuba ta ce in je in yi sallah, Allah Ya sa ki gama da iyayenki lafiya, Ya raya miki zuri'a, Ya haskaka kabarin magabatanki. Maman 'yan biyu, Allah Ya kai ki ɗakinSa, Ya tsare ki da abin da kike shiga gidaje kina tararwa, Ya sa 'ya'yanki su ji ƙanki. Yaron da ke gadon kusa da namu bai fito ba. Allah Ya sa mai ceto ne, Ya ba mahaifiyarsa dangana.

'Yan'uwa na jini da tsoro ya hana su leƙowa, na fahimta, cutar abar tsoro ce. Sai dai waya ba ta ɗauke da ita. Ba komai, ƙofa a buɗe take, likita ya ce yanzu ba ta yaɗa wa kowa.

Da saura kaɗan. Muryarta ta hanci take fita, in ta sha ruwa wani lokaci yakan biyo ta hanci, an ce dafin ne ya taɓa jijiyoyi kuma yana warwarewa a hankali. Ranar Alhamis za mu koma a duba zuciyarta. Ku ci gaba da sa mu a addu'a.