Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jinyar Guguwa

A makon jiya na tsaya ne a inda ɓarayi suka haura katangar gidanmu da ke unguwar Wadata a nan Tawa, suka kwance ragunan da nake turke da su domin layya, da kuma yadda wani tsohon abokina makiyayi daga wajen Abalak ya ji labari, ya aiko mini da ɗan kwikwiyo a cikin kwali ta hannun wani direban motar kasuwa. Saƙon da ya haɗo da shi bai wuce cewa in ba shi nono da tuwon gero ba, kuma in ya girma ko kaza ba za a sake ɗauka a gidana ba.

Kwikwiyon irin karnukan Buzayen Azawak ne, masu dogayen ƙafafu da siririn ciki, launinsa kamar na yashi, da fari a ƙirji da ƙarshen ƙafafu. Wannan irin kare ne Turawa suka fara kai wa ƙasashensu tun shekarun 1970, har yau kuma da sunan yankinmu suke kiransa, suna sayensa da tsada, alhali mu da muke maƙwabtaka da asalinsa ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Yara suka sa masa suna Guguwa saboda yadda yake zagaye tsakar gida da gudu. Mahaifiyata, wadda take zaune tare da mu a lokacin, ba ta yi na'am da zuwansa ba ko kaɗan, sai da na je wurin limamin unguwa ya tabbatar mini cewa a mazhabarmu ta Malikiyya an yarda a ajiye kare domin tsaron dabbobi da gona da farauta, ya kuma shawarce ni da in yi masa wuri kusa da turke, nesa da ɗakunan kwana da wurin salla. Da haka Inna ta yi shiru, amma ba ta taɓa kiransa da sunansa ba, "wancan abin naku" take cewa.

Ciwon ya same shi ne a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Tawa yake wuce digiri 40 tun kafin azahar, shi kuwa bai kai wata huɗu da haihuwa ba. Wahalar mai irin wannan kare ita ce, halittarsa ce haƙarƙari su fito fili ko da yana cikin ƙoshin lafiya, saboda haka rama ba ta nuna komai a jikinsa, sai dai mutum ya lura da halinsa. Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne na dawo daga makaranta bai tarye ni a ƙofar gida ba, na same shi kwance a ƙarƙashin randa inda ƙasa take da danshi, kwanon abincinsa kuma ƙudaje sun rufe shi. Da yamma ya fara amai mai kumfa, ruwan ɗorawa. Kafin gari ya waye zawo ya biyo baya, zawon kuma da jini a ciki, da wani irin wari mai ƙarni wanda duk wanda ya taɓa jinsa ba zai manta ba.

Nan da nan kowa ya zama likita. Wani maƙwabcina ya rantse cewa ɓarayin da suka sace ragunan ne suka jefo masa guba domin su dawo. Wata tsohuwa ta ce a jiƙa bagaruwa a ɗura masa. Wani matashi ya je ya sayo kafso a wurin masu tallan magani a faranti, ya ce ko mutum ne yake irin wannan zawo da shi ake tsayar masa. Amma maganar da ta fi yi mini nauyi ita ce ta wani dattijo da nake girmamawa, wanda ya kira ni gefe da laƙabin da ake kiran malamin makaranta da shi a nan, wato Mushe, ya ce: "Mushe, ka ji tsoron Allah, gidanka akwai ƙananan yara. Kare in ya daina ci, ya nemi lungu ya ɓuya, hauka ce take shigarsa. Ka sa yara su kai shi bayan gari kafin ya ja maka abin da za ka yi ta kuka." Na san abin da kai shi bayan gari yake nufi, domin na sha ganin yadda yaran unguwa suke gamawa da kare da jifa. Ban ga laifin dattijon ba, don kuwa a garinmu ciwon kare ɗaya kawai jama'a suka sani, kuma suna da dalilin tsoronsa.

Na ɗaure kwali a bayan babur, na shimfiɗa tsohon buhu, na sa shi a ciki, na nufi wurin wani likitan dabbobi mai zaman kansa a cikin gari. A nan na gane cewa duk tsarin kula da lafiyar dabbobi a ƙasarmu an gina shi ne a kan dukiya, wato shanu da tumaki da awaki da raƙuma. Kowace shekara gwamnati tana yin gangamin rigakafin ciwon huhun shanu da annobar ƙananan bisashe, kuma daidai ne, domin da su al'umma take rayuwa, sai dai kare ba ya cikin lissafin kowa. Mutanen da na tarar a rumfar likitan duk masu raguna da shanun turka ne, kuma da suka leƙa kwalin sai aka fara ƙus-ƙus, wani ma ya tambaye ni da murmushi ko na wani Bature ne aka ba ni amana. Kunyar da na ji a ranar ta fi ta shiga aji ba tare da na shirya darasi ba, kuma na yi imani wannan kunyar tana kashe kwiyakwiyai a Tawa fiye da rashin kuɗi.

Likitan bai yi dariya ba. Ya ɗaga leɓen kwikwiyon ya nuna mini dasashinsa da ya yi fari fat ya bushe, ya kama fatar wuyansa ya ja sama ya saki, sai fatar ta tsaya a tattare maimakon ta koma, ya ce wannan alamar ruwan jikinsa ya ƙare. Ya auna zafinsa, ya gaya mini cewa zafin kare mai lafiya tsakanin digiri 38 ne da 39, sannan ya tambaye ni ko an taɓa yi masa allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki. Na ce daga daji ya zo, kuma a daji ba a yi wa kare allura.

Ya ce: "Mushe, wannan ba hauka ba ce, kuma ba na zaton guba ce. Mahaukacin kare halinsa ne yake sauyawa, ya riƙa dalalar da miyau, haushinsa ya canja, ya ciji duk abin da ya samu, ko muƙamuƙinsa ya saki. Naka kuwa hanjinsa ne ake ci." Ya ce duk alamun sun yi daidai da cutar da suke kira parbo, wadda aka fara ganewa a duniya a shekarar 1978, kuma cikin ɗan lokaci ta game ƙasashe. Ƙwayar cutar tana fita ne a cikin kashin kare mai ɗauke da ita, tana iya zama a cikin ƙasa watanni da yawa ba ta mutu ba, kuma ba sai kare ya haɗu da kare ba, takalmin mutum ma yana shigo da ita gida. Ta fi kama kwiyakwiyai tsakanin mako shida da wata shida, domin a wannan tsakanin ne kariyar da suka sha a nonon uwa take ƙarewa, tasu ta kansu kuma ba ta ƙulla ba. In ta shiga jiki sai ta auka wa bangon hanji ta saɓule shi, ta kuma rage ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, shi ya sa ake ganin jini a zawo, ƙazantar cikin hanji kuma take samun hanyar shiga jini. Na tambaye shi ko yara za su iya ɗauka, ya ce a'a, wannan ba ta kama mutum, sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Abin da ya ƙara gaya mini shi ne babu wani magani da yake kashe ƙwayar cutar kai tsaye. Aikin likita shi ne ya riƙe ran dabbar har jikinta ya yi nasara da kansa, ta hanyar ƙarin ruwa, da allurar tsayar da amai, da maganin da zai hana ƙwayoyin hanji ɓata jini. Kwikwiyon da aka bari haka nan, mafi yawanci mutuwa yake yi, wanda kuma aka tallafa wa da wuri, mafi yawanci yana tashi, in dai ya tsallake kwana uku zuwa huɗu na farko. Ya aske ɗan gashi a ƙafarsa ta gaba, ya sha wuya kafin ya sami jijiya saboda bushewar jiki, ya rataye robar ruwan a wani ƙusa na rumfar, ni kuma na tsuguna na riƙe kan karen a gaban duk jama'ar da suka zo da ragunansu.

A gida kuwa aka shiga wata irin jinya da ban taɓa zaton zan yi wa dabba ba. Likita ya hana a ba shi abinci muddin yana amai, ya ce in aman ya lafa a riƙa ɗiga masa ruwan gishiri da sukari irin na yara, kaɗan kaɗan da sirinji ta gefen baki, domin in ya sha da yawa lokaci guda zai mayar. Ya yi mini kashedi mai ƙarfi kan magungunan mutane, musamman parasitamol da ibuprofen, waɗanda suke iya lalata hantar kare ko ƙodarsa. Ya kuma ce a kwashe kashin a binne, a wanke wurin da kwanoninsa da ruwan jabel, wato bilic ɗin da ake wanke fararen kaya da shi, ma'auni ɗaya na jabel a cikin ma'auni talatin na ruwa, domin sabulu da omo ba sa kashe wannan ƙwayar. Da dare nakan fito da tocila in duba ko cikinsa yana motsi, in na ga yana numfashi in koma in kwanta, barcin kuma ba ya zuwa. Uwargidana ba ta ce komai ba sai da ta ga yawan jikkunan da suke fita zuwa farmasin dabbobi a tsakiyar wata, sannan ta ce: "Malam, ban hana ka jin tausayi ba, amma ka tuna gero ya kusa ƙarewa a buhu." Gaskiya ta faɗa. Duk da haka ita ce ta riƙa tafasa ruwan da ake haɗa masa, ita ce kuma ta hana yara taka wurin da takalmansu.

Da ya fara farfaɗowa, alamar farko ita ce ya lashi ruwan shinkafa da kansa, daga baya ya ci ɗan dafaffen nama marar mai. A nan ne likita ya kawo maganar da ta ba kowa mamaki a gidan, wato a daina zuba masa sauran miya da dafa-duka, saboda albasa tana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanya ce ko dafaffiya. A jihar da take noma albasar Galmi, inda babu tukunyar da ake ɗorawa ba albasa, wannan doka ce mai wuyar bi, sai muka koma ware masa tuwonsa da nono kafin a zuba miya. Ya kuma cire masa kaska da suka maƙale a cikin kunnuwa da tsakanin yatsu, ya ce su ma suna ɗauke da cututtukan da suke shanye jini, ya hana a shafa masa kalanzir ko baƙin man mota kamar yadda ake yi a gari. Maganin tsutsa ya biyo baya, domin kwikwiyo yakan ɗauko macijin ciki tun daga cikin uwarsa ko daga nononta, ƙwan tsutsar kuma yana zama a ƙasar da yara suke wasa a kai. Game da rigakafi ya ce ka'ida ita ce a fara tun kwikwiyo yana mako shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa bayan mako uku ko huɗu har ya kai mako goma sha shida, ta hauka kuma a yi ta in ya cika wata uku, amma ba a yi wa dabba marar lafiya, saboda haka sai Guguwa ya murmure sarai.

Ana cikin wannan jira ne, wata ranar Lahadi da na dawo daga kasuwa, na ga ɗana mai shekara tara yana ɓoye hannunsa a cikin riga. Da na matsa masa sai ya nuna mini ɗan yatsansa da huda biyu, ya ce tun da safe ya saci sirinji ya je ba karen ruwa, karen ya kama shi da haƙori, ya ji tsoron faɗa don kada a kai Guguwa bayan gari. Kare ne da ya fito daga dajin da diloli suke yawo, ba a taɓa yi masa allurar hauka ba, kuma na san cewa cutar hauka in alamunta suka bayyana a jikin mutum babu magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Na kira likitan a waya, ya ce in wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti goma sha biyar ba tare da gajartawa ba, kada in ɗaure shi, in kai yaron asibiti a daren nan su yanke shawarar allura, shi kuma karen a tsare shi a ɗaure, kada a kashe shi, domin lafiyarsa a kwanakin da za su biyo baya ita ce za ta nuna mana ko akwai cutar a miyansa. Uwargida ta riƙe buta tana zuba ruwa, ni ina cuɗa sabulu ina duba agogo, Inna kuma ta tsaya a ƙofar ɗakinta tana cewa tun ranar farko ta faɗa. Yadda muka yi da neman allurar, da abin da ya faru tsakanina da dattijon nan da labari ya kai masa, shi ne kashi na mako mai zuwa in Allah ya kai mu.